Hoto Garau a Gure: Sharhi kan Tashoshin da Ake Kamawa Ba da Kuɗin Wata Ba

Matafiyin da ya baro Damagaram ya nufi gabas bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 yakan yi tafiyar kimanin kilomita 160 kafin ya iso Gure, tsohon mazaunin sarakunan Muniyo da ke kwance a gindin duwatsu. Idan mai lura ne, tun kafin ya kai tasha zai ga farantan kama tauraron ɗan Adam, waɗanda jama'a ke kira parabol, a bisa soraye da katangu, wasu kuma a tsakar gida an danne ƙafafunsu da bulo don kada iska ta juya su. Dukansu kudu suke duba, domin taurarin da ke aiko da hoto suna jere ne a saman tsakiyar duniya, a nisan kusan kilomita 36,000, amma kowane faranti da inda ya karkata. Wanda ya juya sosai wajen yamma, galibi Canal+ yake nema, kuma mai shi yana biyan kuɗin wata. Wanda ya karkata yamma kaɗan, Nilesat yake fuskanta. Wanda ya ɗan jirkita gabas yana neman Eutelsat 16A, ko kuwa taurarin Larabawa da ke gaba da shi. Ashe kuwa tun daga waje ana iya ƙiyasta harshen da ake ji a cikin ɗaki, da kuma nauyin aljihun maigida.

Akwai tambaya guda da masu ɗaura parabol suka saba ji daga bakin magidanta: shin ana iya samun hoto garau, irin wanda ƴan kasuwa ke kira HD, ba tare da dekodar nan da ake biya wa kuɗi duk wata ba? Tambayar ba sabuwa ba ce a duniya. A Amurka, inda kamfanoni ke shimfiɗa waya gida-gida su aiko da tashoshi ta cikinta, an yi shekaru mutane suna soka wayar kai tsaye a bayan telebijin su kalli tashoshin gari garau ba da akwatin kamfani ba, har zuwa shekarar 2012 da hukumar sadarwa ta ƙasar ta yarje wa kamfanonin su kulle waɗannan tashoshi su ma. A Gure babu irin wannan waya ta kamfani. Wayar da aka sani ita ce wadda ta taso daga faranti ta ratsa taga ta shiga ɗaki. Don haka tambayar ta sake kama, kuma amsarta ita ce ana iya samu. Sai dai abin da ake samun, da wanda ya aiko shi, da abin da yake nuna wa yaran da ke zaune gabansa, su ne suka cancanci malamai da ƙungiyoyin al'adu su tsaya su duba.

Da farko ya kamata a fahimci abin da ake nufi da hoto garau. Hoton telebijin ɗigo-ɗigo ne aka jera a layuka. Tsohon hoto yana da layuka 576 da ake gani, kowane layi da ɗigo 720, wato ɗigo dubu ɗari huɗu da ƴan kai. Cikakken hoton HD kuwa yana da layuka 1080, kowanne da ɗigo 1920, wato fiye da ɗigo miliyan 2. Ninki biyar ke nan. Abin da tsohon hoto ke shafewa ya mayar da shi inuwa, kamar saƙar zane ko tsagar fuska ko rubutun da ke jikin allo, sabon hoto yana fito da shi sarai.

Hanyoyin kama shi kyauta biyu ne. Ta farko ita ce ta ƙasa, wadda ake kira TNT. A taron Janiba na shekarar 2006 ƙasashen Afirka da na Turai suka amince a bar tsohuwar hanyar watsa hoto a koma ta zamani, aka sa ranar 17 ga watan Yuni na 2015 ta zama wa'adi, wa'adin da mafi yawan ƙasashen Afirka ba su cika ba. Ƙasashen yammacin Afirka sun zaɓi tsarin da ake kira DVB-T2, kuma a Nijar an ɗora nauyin aikin a kan hukumar watsa shirye-shirye ta ƙasa, wato AND. Telebijin ɗin da aka ƙera da wannan tsari a cikinsa eriya kawai yake buƙata, muddin akwai turken watsawa a kusa, domin saƙon ƙasa ba ya wuce wasu gomman kilomitoci, dutse ma yana iya tare shi. Hanya ta biyu ita ce ta sama. Da yawa daga sababbin telebijin masu faɗi suna zuwa da na'urar kama tauraro, mai suna DVB-S2, a cikinsu, ta yadda wayar faranti za ta shiga bayansu kai tsaye. Wanda nasa ba shi da ita yakan sayi ƙaramar risiba sau ɗaya, irin su Strong, ba ya sake biyan kowa.

A nan ne ake yawan yin asarar da ba a sani ba. Tsofaffin telebijin da ake kwasowa daga Turai da yawansu tsarin farko suke da shi, ba sa jin DVB-T2, ko da an manna musu takardar HD a goshi. Haka kuma gidaje da dama suna haɗa risiba da telebijin da wayar nan mai kai uku, rawaya da ja da fari, alhali kuwa rawayar ba ta iya ɗaukar abin da ya wuce tsohon hoto. Sai an sa wayar HDMI hoton ke isowa yadda aka aiko shi. Sau da yawa maigida ya sayi doki ya ɗaure shi da igiyar akuya, yana ta zargin mai ɗaura faranti.

To, a ce an gyara duk wannan, an sa telebijin ya laluba ya jero tashoshi ɗari biyu ko uku. Wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya zai ga wani abu da ba ya cikin takardar talla. Wuri a bisa tauraro haya ake yi, kuma hoto garau ya fi tsohon hoto cin wuri nesa ba kusa ba. Saboda haka waɗanda ke iya aiko da shi kyauta su ne masu ƙarfi: tashoshin labarai na gwamnatoci da na ƙasashen Larabawa masu arzikin mai, irin su Aljazeera, da tashar da ke nuna Harami na Makka dare da rana, inda ake iya ganin zanen zinariyar da ke jikin rigar Ka'aba. Wasannin ƙwallon Turai, waɗanda samari suka fi so, a kulle suke, shi ya sa gidajen kallo ke biyan kuɗin wata su karɓi na shiga a bakin ƙofa. Da yawa daga tashoshin Hausa na kyauta kuwa, na wa'azi da na finafinai, a matse suke isowa, cikin tsohon ma'auni, kuma da zarar an baza su a kan faffaɗan allo sai fuskoki su yi kamar an shafa musu ruwa. Kaifin hoto yana bin nauyin aljihun wanda ya aiko shi, mai kallo ba shi da ta cewa.

Ita kanta kyautar tana da mai biya. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki daga Kano a shekarar 2014 kuma ta zama tashar Hausa da aka fi sani a wannan sashe, da kuɗin ma'aikatar harkokin wajen Amurka aka kafa ta, ta hannun ƙungiyar Equal Access, a lokacin da rikicin Boko Haram ke ci, kafin daga baya ta koma cin gashin kanta da tallace-tallace. Faɗin haka ba aibata ta ba ne. Sanin asalin rijiya yana taimaka wa mai shan ruwanta, musamman a gari kamar Gure da ke kan hanyar Difa, inda labarin wancan rikici ba na nesa ba ne.

Wasannin da wannan tasha ta yi fice da su an ɗauke su ne da kyamarorin zamani, kuma ko da sun iso a matse ta faranti, ana samun su garau a YouTube da katin waya da ake turawa a shagunan caji. A nan ne sabon hoto ya zama alƙali. Daɗin Kowa, wanda aka fara nunawa a 2015, ya ci ribar kaifin hoto domin ya fita titi. Garin da aka ƙirƙira masa yana da lungu da kwata da teburin mai shayi da makarantar allo, kuma idan kyamara ta tsaya a gidan Kamaye da Adama ana ganin bango da ya sha hayaƙi, da kwanon da ya lotsa, da tabarmar da bakinta ya zare. Waɗannan abubuwa suna ba da labari tun kafin ɗan wasa ya buɗe baki. Mai kallo a Gure, ko da bai taɓa taka Kano ba, ya san irin wannan bango, ya san abin da ake ci a gidan da ke da shi. Shi ya sa idan wasan ya taɓo almajirci ko shaye-shaye ko zaman Musulmi da Kirista, maganar takan zauna, domin idon mai kallo ya riga ya gaskata wurin.

Kwana Casa'in, wanda ya zo a 2019 da labarin siyasar jihar Alfawa da gwamnanta Bawa Maikada, ya tsaya a tsakani. Inda ya shiga asibitin talakawa ko ɗakin ƴan jarida, hoton yana taimakonsa. Inda ya koma ofisoshin manya, sai a riƙa ganin tebur fayau ba takarda, da kabad da ba a taɓa buɗewa ba. Amma maganar da aka rubuta wa ƴan wasan tana da ƙarfin da take rufe wannan giɓi, kuma ga wanda ya san yadda ake yaƙin neman zaɓe a kowane gefen iyaka, ba a buƙatar fassara. Labarina na Aminu Saira, wanda ya fara a 2020, shi ne ya fi nuna ƙwarewa wajen haske da tsayuwar kyamara, kuma dole a yaba masa. Sai dai nasararsa ta haifi ƴaƴa barkatai, waɗanda suka ɗauki manyan gidaje da motoci suka bar labarin.

Waɗannan ƴaƴa su ne hoto garau ya fi tona wa asiri. Ana ganin falo mai kujeru na alfarma wanda babu alamar wani ya taɓa zama a cikinsa: ba takalmin yaro a bakin ƙofa, ba buta, ba sallaya, ba ƙurar da ko gidan sarki ba ya rasawa a lokacin hunturu. Ana ganin matar da aka ce ta tashi daga barci ko ta kwana uku tana jinya, amma ga hoda da jan baki da gashin ido na kanti ba abin da ya goge. Ana ganin inda launin fuska ya rabu da launin wuya da na gaɓoɓin yatsu. A zamanin kaset, tun daga Turmin Danya na 1990 har zuwa su Sangaya, dusashewar hoto tana rufa wa mai shiri asiri, shi kuma ya san da haka, sai ya dogara da zance da waƙa da habaici. Yanzu da mayafin ya yaye, wanda ba shi da abin nunawa sai kayan aro ya fito fili. Abin damuwar shi ne yarinya ƴar shekara 12 ba ta kallon wannan da idon mai sharhi. Abin da take gani shi ne cewa duk wadda ake so fara ce, duk wanda ya yi nasara yana da bene, kuma tana ganin haka da kaifin da ba ta taɓa ganin wani abu na garinsu da shi a allo ba.

Malaman makaranta sun fi kowa sanin cewa telebijin a Nijar da aji ya fara. A shekarar 1964 aka buɗe telebijin na makaranta da taimakon Faransa, ana koyar da yara da Faransanci ta allo a wasu ajujuwa na kewayen Yamai, shekaru 15 kafin Télé Sahel ta fara watsa wa kowa shirye-shirye a 1979. A zamanin Seyni Kountché an kai akwatunan kallo na jama'a garuruwa da ƙauyuka, wasu da hasken rana suke aiki, mutane su taru a dandalin samariya bayan sallar isha'i. Hoton ba shi da kyau ko kaɗan, wani lokaci kamar ana yayyafi a cikinsa. Amma wasannin kwaikwayo na ƙungiyar gidan rediyon Damagaram, da na su Yazi Dogo, da raye-rayen bikin matasa na ƙasa da aka fara a Damagaram a 1976, duk da bakin mutanen ƙasar aka yi su. Ana cewa lakwal da mushe da kumandan da jandarma, ana lissafi da dala da jika, kuma wanda aka yi wa shaguɓe a wasa ana iya haɗuwa da irinsa gobe a ofishin gunduma. Ba a faɗin wannan don kewar da. Tasha guda ce a hannun gwamnatin soja, kuma kowa ya san iyakar abin da take iya faɗi. Abin lura kawai shi ne wancan dusasshen hoto fuskar mai kallo yake nunawa.

Yau yaron Gure yana jin Hausar Kano sa'o'i da dama a kowace rana, da kalmominta na Ingilishi da take tafe da su. Wannan yana da amfaninsa: yana faɗaɗa masa harshe, yana haɗa shi da miliyoyin masu magana da shi, kuma tun da dokar ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ba wanda zai raina irin wannan makaranta da ba a biya. Sai dai Hausar da za a rubuta littattafan makaranta da ita a Nijar tana da nata kalmomi da nata karin, kuma allo ba ya koyar da su. Ga kuma abin da ya fi wannan nauyi. Gure ƙasar Barebari ce tun asali, Mangawa da Dagirawa, tare da Fulani da Tubawa da Buzaye da Hausawa da ke cin kasuwa ɗaya. A cikin ɗaruruwan tashoshin da faranti ke kamawa, Barbarci ba ya samun fiye da ɗan lokacin labarai da tashar ƙasa ke ware wa harsunan gida. Kakar da ke magana da jikanta da Barbarci yana amsa mata da Hausar wasan kwaikwayo ba baƙon abu ba ce a garuruwan gabas, kuma duk ƙungiyar al'adu da ke murnar yaɗuwar Hausa ya kamata ta riƙa tunawa da wannan kaka.

Abin takaici shi ne ƙasar Gure tana cikin wuraren da aka ƙirƙiri hoto garau dominsu. Akwai kwaruruwan da ke tsakanin tuddan rairayi a kudu da gabashin gari, inda dabino da goriba da rake da rogo ke tsirowa kore shar a tsakiyar fari, da farin kanwa da ke kwanciya a bakin tabki, da duwatsun Kutus a arewa, da kitson matan Barebari, da raƙuman da ke shigowa ranar kasuwa. Baturen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka a Gure a ƙarshen shekarar 1852 yana kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, ya rubuta bayanin garin da sarkinsa don masu karatu na Turai. Tun daga lokacin ba a fasa ba: mafi yawan hotunan kwaruruwan nan masu kyau, ma'aikatan ayyukan yaƙi da kwararowar rairayi ne suka ɗauke su, don rahoton da za a nuna wa masu ba da tallafi. A cikinsu manomi yakan fito ne a matsayin wanda bala'i ya sama, a tambaye shi ya amsa a jimla biyu, a ɗora fassara a kan muryarsa.

Kuma ba a rasa masu iya aikin ba. Abdoulaye Mamani, marubucin littafin Sarraounia na 1980, a Gudumariya aka haife shi, gabas kaɗan da Gure, amma fim ɗin da Med Hondo ya yi daga littafin a 1986 a Burkina Faso aka ɗauke shi. Rahmatou Keïta ta kafa labarin Zin'naariya na 2016 a masarautar Damagaram, da tufafi da gine-gine da aka ɗauka da kulawar da ta dace da su. Aïcha Macky, ƴar Damagaram, ta fitar da fim mai suna Zinder a 2021 kan matasan unguwar Kara-Kara, inda kyamara ke tsayawa a kan tabon wuƙa da zufar mai ɗaga ƙarfe har sai mai kallo ya daina jin tsoron mutumin ya fara sauraronsa. Wannan shi ne abin da kaifin hoto ke iya yi idan ya samu mai hankali. Amma irin waɗannan finafinai sun fi yawo a bukukuwan Turai da na Wagadugu, kuma magidancin da ya laluba tashoshinsa na kyauta daga farko har ƙarshe da wuya ya ci karo da su. Ɗan Faransa ya fi ɗan Gure damar ganin Kara-Kara garau, alhali tsakanin Gure da unguwar tafiyar sa'o'i kaɗan ce a mota.

Wani abu ya canja a ƴan shekarun nan wanda ya rage uzuri. Wayar hannu mai matsakaicin kuɗi tana ɗaukar hoto mai layuka 1080, kuma kusan kowane sabon telebijin da kowace risiba suna da ƙofar da ake soka katin ajiya. Ma'ana, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta kwaleji, ko ƙungiyar mata da ke da waƙoƙin daka da na biki, ko malamin tarihi da ya zauna da wani dattijo a Bune ko Kelle ya ji labarin sarautar Muniyo, suna iya nuna aikinsu garau a kan allon da ake kallon Aljazeera, ba da hayar tauraro ba, ba da izinin kowane kamfani ba. Inda irin wannan aiki ke faɗuwa galibi shi ne wajen sauti, domin iskar Gure ba ta raga wa makirfon waya, sai kuma wajen rubutu, domin an fi gaggawar ɗauka kafin a san abin da za a ce.

Tsofaffin wasannin kuwa, na bikin matasa da na ƙungiyoyin jihohi, a kaset aka naɗe su cikin tsohon ma'auni, kuma babu telebijin da zai ƙara musu ɗigo ɗaya a kan abin da aka ɗauka. Kaset kuma zafi da ƙura suna cin sa, injinan da ke karanta shi an daina ƙera su. Duk wanda ke da irin wannan kaset a akwati, na wasan makaranta ne ko na naɗin sarauta ko na kokawa, a kwamfuta ake juye shi, kuma sai an samu injin da bai riga ya mutu ba.